Lacca: Me ya sa ƙarfe ke ta fitar da iska bayan an zuƙe ta

(An rubuto daga rikodin laccar da anka yi wa ɗalibban kimiyya a Maradi)

To ƴan uwa ɗalibbai, bari in fara da mai gyaran firigo, kun sha ganinsu nan cikin gari. Kafin ya ɗura gas sai ya haɗa famfo ya zuƙe iskar bututu, in ya rufe ya jira kaɗan sai allurar ma'aunin matsi ta sake motsawa, wani ya ce ai yoyo ne, alhali sau da yawa danshi ne da ya manne jikin bututun yake sakowa sannu sannu. Wannan shi ne darasinmu yau.

Lissafin kanshi ba wuya: matsin da ya rage = yawan iskar da bangon cikin bututun ke saki, a raba da ƙarfin zuƙar famfo. Inda mutane ke faɗuwa, sai su ba kwamfuta lamba ɗaya tak su ce haka bangon ke saki har abada. Ni kaina na yi wannan kuskuren wallahi, na kwafo lamba daga tebur ban duba ta awa nawa ce ba, kwamfuta ta ce awa ɗaya ta isa, munka kwana famfo na kuka bamu kai ba.

Ƙarfen inoks, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, in ba a gasa shi ba, ruwa ne yake saki, kuma yana raguwa ne kamar 1 bisa lokaci. Bayan awa 10 ya ragu sau 10 kan na awar farko, bayan awa 100 sau 100, kun ga kenan farko da sauri daga baya kamar tafiyar hawainiya. Roba kuwa ta fi taurin kai don ruwan cikin jikinta ya shige, awa 100 sau 10 kawai zai ragu. Kuma injin da anka buɗe a watan Agusta cikin damina, robarshi ba za ta sha ruwa ɗaya da wanda anka buɗe da hunturu ba, ku rubuta wannan dan Allah.

In an gasa inoks ɗin a digiri 150 ko sama na kwana ɗaya ko biyu ruwan ya tafi, saura iskar haidurojin da ke fitowa daga cikin ƙarfen, shi ya sa a CERN, babbar cibiyar binciken kimiyya ta Turai, suke gasa wasu kayan har digiri 950 kafin a harhaɗa.

Manhajar Molflow ta CERN kyauta ce, tana harba ƙwayoyin iska ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfuta ta bi inda kowace ta bugi bango. Tana da wurin saka lokaci, amma in zuƙar awoyi kake lissafi, shawarata kar ka wahalar da na'urarka. Ƙwayar haidurojin cikin ɗan ƙiftawa take ratsa bututu, bangon kuma a awoyi yake sauyawa, to ka yi lissafi sau ɗaya sai ka ninka sakamakon da lambar iskar da bango ke saki a kowace awa. Ruwa ne sai an yi hattara don yana daɗewa manne da bango kafin ya sake tashi.

Mai tambaya a baya can, ɗaga murya malama mu ji ki.