Kafin yaro ya ɗauki biro: shirin rubuta insha'in siffantawa

Assalamu alaikum malamai. Yau za mu duba aikin da ake yi a aji kafin yara su fara rubuta insha'in siffantawa, musamman 'yan aji 4 zuwa 6 na firamare.

Abin da aka saba shi ne malam ya rubuta "Kasuwar garinmu" a allo, ya ce kowa ya cika shafi. Ka karɓi littattafai, sai ka tarar bakinsu ɗaya: kasuwa tana da girma, tana da kyau, akwai mutane da yawa. Yaran nan sun san kasuwar sarai, kullum ana aikensu can. Ba a dai ba su damar tattaro abin da suka sani ba ne.

Saboda haka a ranar farko kowa ya rufe littafinsa. Kasuwa ta yi wa yaro faɗi, a fara da abin da zai riƙe a tafin hannu. Mu ɗauki goruba.

Malam, ka ba kowane benci goruba ɗaya, ka tambaye su me suka gani. Wani zai ce ja ce. Kada ka yi saurin karɓa. Ja irin na tumatir, ko ja mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa? Su shafa bayanta su ji santsi da 'yan tudun da ke jikinta. Su ƙwanƙwasa ta a benci su saurari ƙararta, su shinshina. Ɗanɗano kuwa, kada goruba ɗaya ta zaga bakuna. Kusan kowa a ajin ya taɓa gaigayarta, za su gaya maka zaƙinta, da zare-zaren da ke maƙalewa a haƙori, da ƙodagon nan mai taurin tsiya da ke ciki.

Suna faɗa kana rubutawa. Ka raba allo gida 5: ido, kunne, hanci, harshe, hannu. Kalmar da yaro ya kawo ta shiga gidanta yadda ya faɗe ta. In wani ya ce "tana da daɗi", ka ce masa, "Daɗi irin yaya?" Nan ne za ka ji amsa-kama na fitowa, irin su ja wur, baƙi ƙirin, kore shar, sanyi ƙalau. Da su yaran suka zo daga gida, kuma a ganina babu abin da ke raya siffantawa a Hausa kamarsu. Abin takaici, da yawa sun ɗauka ba a saka su a rubutun makaranta. Ka nuna musu ana sakawa.

Daga nan sai kacici-kacici. Ka jefa musu wanda suka sani: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Za su amsa da tsintsiya. Ka lurar da su cewa an siffanta ta ba a ambaci sunanta ba. Gobe kowane benci ya ɓoye wani abu, ko tsamiya ko ludayi, ya siffanta shi da baki. In sauran sun kasa ganewa, da sauran aiki, a koma a sake dubawa.

Abin da ya rage shi ne tsari. Kowane yaro ya zaɓi kalmomin da zai yi aiki da su, ya jera su a takarda daga waje zuwa ciki: ɓawo, sai abin da ake ci, sai ƙodago. Wanda rubutu ke ba shi wuya ya zana gorubar, ya sa kalma ɗaya-ɗaya a gefe. A wannan mataki ka ajiye jan biro, gyaran ƙa'idar rubutu yana nan tafe.

Ka karɓi takardun ka adana. Da su za su gina jimlolin farko, kuma shi ne darasinmu a bidiyo na gaba.