Yunwar Ayilan da romon da ya bar wa iyalai tabo

A ƙauyukan yammacin Ayilan, an daɗe ana goranta wa wasu gidaje cewa kakanninsu "sun sha romo". Ba wasa ba ne. Ana nufin sun bar cocin Katolika sun koma Furotesta don su sami abin sawa a baka lokacin babbar yunwa. Kafin mu kai ga romon, sai mun fara da gona.

A ƙidayar 1841, mutanen Ayilan sun haura miliyan 8. Kusan miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankalin turawa, yawanci iri ɗaya mai suna Lumper, mai yawan 'ya'ya amma marar juriyar cuta. Lebura mai ƙarfi yakan ci kusan kilo 6 a rana, ya kora da madara. Filayen kuwa galibi suna hannun manyan masu ƙasa 'yan Furotesta, wasunsu ma suna zaune a Ingila. Alkama da dabbobi na biyan haya ne, dankali na gida. Ga kuma tsohon miki: dokokin da aka fara kafawa tun 1695 sun takura wa Katolika a mallakar ƙasa da riƙe muƙami, ba su sami damar zama a majalisa ba sai 1829, sannan ana karɓar ushira a hannunsu don cocin gwamnati wanda ba nasu ba.

Cutar dankalin ta bayyana a Satumban 1845. Wata ƙwaya ce mai kama da funfuna, Phytophthora infestans, mai son danshi. Takan fara da baƙin tabo a ganye, ruwan sama ya wanke ta zuwa ƙasa, ta shiga 'ya'yan. Manomi zai haƙo dankali lafiyayye a ido, ya binne a ramin ajiya, bayan 'yan makonni ya buɗe ya tarar da ruɓa mai wari. Kuma dankali ba gero ba ne da za a zuba a rumbu ya shekara biyu, don haka ba rarar bara. A 1846 kusan duk amfanin ya lalace. A 1847 cutar ta lafa, amma an riga an cinye iri. A 1848 ta dawo.

Gwamnatin Landan, wadda Ayilan ke ƙarƙashinta a lokacin, ta yi ta sauya dabara. Firaminista Robert Peel ya sayo masarar fam 100,000 daga Amurka, sai dai mutane ba su saba da ita ba. Tana buƙatar niƙa mai laushi da doguwar dahuwa, in ba haka ba sai gudawa. Daga baya aka buɗe aikin gina hanyoyi, inda sama da mutum 700,000 ke fasa dutse a Maris na 1847 kan ladan da bai isa ciyar da gida ba. Ɗakunan rabon abinci na gwamnati sun ciyar da kusan miliyan 3 a Yulin 1847, abin da ya nuna ana iyawa, amma kafin ƙarshen shekarar aka rufe su. Mafi muni shi ne sharaɗin Gregory: duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka ba shi da tallafi sai ya saki filin. Dubban iyalai suka rasa gona da gida a lokaci guda, suka cunkushe a gidajen gajiyayyu, inda zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa da atini suka kashe fiye da waɗanda yunwa ta kashe kai tsaye. Kusan miliyan 1 suka mutu, wasu miliyan 1 suka yi hijira.

A cikin wannan hali romo ya shigo. A tsibirin Achill, Rabaran Edward Nangle ya kafa sansanin mishan a Dugort tun 1834, yana ciyar da yara a makarantun da ake koyar da aƙidar Furotesta. Irin haka ya faru a Dingle da Connemara, musamman bayan malamin Furotesta Alexander Dallas ya kafa ƙungiyarsa ta mishan a 1849. Babban bishop ɗin Katolika na Tuam, John MacHale, ya yaƙe su da ƙarfi. Wanda ya karɓi romon mishan, maƙwabta sukan ƙaurace masa, a daina ciniki da shi, a ambaci sunansa a coci. Uwa mai 'ya'ya suna kumbura, me za ta zaɓa? Bai kamata mai ƙoshi ya yanke mata hukunci ba.

Amma a yi adalci. Abin ya faru ne a wurare ƙalilan. Kiristoci 'yan ɗariƙar Quaker sun ciyar da jama'a ba tare da sharaɗi ba, malaman Furotesta da dama ma haka, har wasunsu suka kamu da zazzaɓi suka mutu. Taimako ya zo daga nesa, ciki har da fam 1,000 na Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid. Da yawa cikin waɗanda suka sauya coci sun koma bayan an samu sauƙi, kuma a ƙidayar 1861 Katolika suna nan kusan kashi 78 cikin 100.

Mai son tantance labarin gidansu zai gamu da giɓi. Takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 sun ƙone a Dublin a 1922, sai ɓurɓushi. Rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ba ta fara ba sai 1864, majami'un Katolika da yawa kuma ba su rubuta jana'iza. Don haka ana farawa da littafin baftisma na cocin yankin, a haɗa da kundin kimanta filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864, wanda ke nuna mai haya da mai ƙasa. Sai labaran baka da hukumar adana al'adu ta tattara ta hannun 'yan makaranta daga 1937 zuwa 1939, da tambayoyinta kan yunwar a 1945.

A nan sai an yi hattara. Masu ba da labarin 'ya'ya da jikokin waɗanda suka tsira ne, kuma sau da yawa za ka ji sun ce abin ya fi tsanani a ƙauyen gaba. Wasu gidajen sun faɗaɗa gonarsu ne da filin maƙwabcin da aka kora, ba kuwa abin da ake gaya wa jika ba ne. Idan sunan iyali ya ɓace daga littafin baftismar Katolika a shekarun nan, kada a yi saurin cewa romo ne. A fara duba rajistar gidan gajiyayyu na gundumar da jerin fasinjojin jiragen ruwan da suka sauka a Amurka.