Minshari, Allurar Rage Ƙiba da Ƙwayar Kemis

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya taso ne daga saƙon wata baiwar Allah da ta turo mana daga Jega. Maigidanta direban babbar mota ne, yana lodin albasa daga Aliero zuwa kudu. Ta ce idan ya kwanta minsharinsa har zaure ake ji, can sai ya yi tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta wucewa, har sai ya zabura da gurnani kamar wanda aka shaƙe. Da safe ga ciwon kai, ga baki a bushe, kuma liman bai gama huɗubar Juma'a ba ya fara gyangyaɗi. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ƙwayar barci. Ita kuma ta ji an ce an fito da allura a ƙasar waje, shi ne take tambayar gaskiyar lamarin.

Hajiya, abin da kika bayyana ya yi kama da cutar toshewar numfashi a cikin barci, ko da yake likita ne zai tabbatar. Ba dannau ba ne, ba kuma aikin iska ba. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da gindin harshe sukan saki. Ga mai ƙiba ko mai kaurin wuya, sakin yakan kai ga rufe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta tashe shi ba tare da ya sani ba. Likitoci na ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa guda: daga sau 15 abin ya fara nauyi, sau 30 zuwa sama ya yi tsanani. Ku auna mutumin da aka tasa sau 30 kowace awa, sannan gari ya waye ya kama sitiyari a hanyar Koko zuwa Yauri. Ga kuma hawan jinin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, duk cutar na ƙara haɗarinsu.

Shekara da shekaru babu ƙwaya ko allurar da ke magance toshewar kanta. Abin dogaro shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya gabatar a 1981: abin rufe hanci ne da ke hura iska a hankali don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Tana aiki ƙwarai, sai dai tana son wutar lantarki dare guda cur. Kun san yadda wutar take a wajenmu, musamman a bazara.

To, labarin allurar gaskiya ne. A watan Disamba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tirzepatide, wadda kamfanin Eli Lilly ke sayarwa da sunan Zepbound, a matsayin magani na farko ga wannan cuta. Sau ɗaya ake yin ta a mako. A gwajin da aka yi wa mutum 469 na tsawon shekara guda, yankewar numfashi ta ragu da kamar sau 25 zuwa 29 a awa, nauyin jiki kuma ya sauka da kusan kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Amma a lura: allurar ba ta taɓa maƙogwaro, ƙiba take zaftarewa ta hanyar rage son abinci. An amince da ita ne domin manya masu ƙiba sosai waɗanda cutarsu ta yi nauyi. Siririn da matsalarsa daga tsarin muƙamuƙi ne ko kumburin 'yan wuya, ba tasa ba ce. Tana kawo tashin zuciya, amai da gudawa, ga tsada, kuma wanda ya daina yakan ga teɓar ta dawo. Duk wanda ya nuna muku ita a Facebook da araha, ku riƙe kuɗinku.

Akwai kuma ƙwayoyi irin su modafinil da solriamfetol. Waɗannan gyangyaɗin rana suke korewa, toshewar dare tana nan daram.

Abin da ya fi tayar min da hankali a saƙon nan ba allurar ba ce, shawarar abokin nan ce. Mutum ya tashi a gajiye, sai ya ɗauka barci ne bai ishe shi ba, ya nufi kemis a ba shi diazepam, wadda samari ke kira D5. Ƙwayar nan ƙara sakin naman maƙogwaro take yi, ta kuma danne zaburar nan da ke ceton ransa. Haka tiramol, haka kodin da gwamnatin tarayya ta hana a maganin tari tun 2018, haka barasa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Saboda haka, Hajiya, a ajiye maganar ƙwayar barci. Daren yau ki ɗauki wayarki ki naɗi minti biyar na barcinsa, da minsharin da shirun da zaburar. Ki lallaɓa shi ya riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, a rage tuwon dare mai nauyi da lemon kwalba. Sannan ku je babban asibiti, ko na Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, a auna jininsa da sukarinsa, a kunna wa likita abin da kika naɗa, ku nemi a tura ku inda ake gwajin barci. Kafin nan, in gyangyaɗi ya kama shi a hanya, ya faka mota ya kwanta, albasar ta jira.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba. A huta lafiya.