Yadda Lamba 8 Ke Warwarewa Ta Zama Bishiya Marar Iyaka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi allo. Ga da'ira guda ɗaya, ga jan ɗigo a kanta. Ka tashi daga ɗigon nan ka zagaya sau ɗaya, nan za ka dawo. Ka zagaya sau 7, nan ɗin dai. Da'ira ba ta riƙe lissafin tafiyarka, ita dai ta ga ka dawo.

Masana tofoloji, wato ilimin siffofin da ba sa canzawa idan aka miƙe abu ko aka lanƙwasa shi ba tare da yagewa ba, sai suka gina wani sarari da ba ya mantuwa. Ga shi yana fitowa: dogon layi marar farko marar ƙarshe, an nannaɗe shi a saman da'irar, hawa bisa hawa. Zagaye ɗaya a ƙasa, hawa ɗaya ke nan a sama. Jan ɗigonmu yanzu yana da takwarori birjik a kan layin: 0, 1, 2, 3, ta ɗaya ɓangaren kuma -1, -2, har abada. Idan ka ɗauki ɗan guntun da'irar ka duba abin da ke samansa, kwafinsa kawai za ka gani, jere, kowanne daban. Wannan shi ne lulluɓi. Kuma tunda a kan layi duk zagayen da ka yi ana iya tsuke shi ya koma ɗigo, to shi ne babban lulluɓi, wanda duk sauran lulluɓan da'ira daga gare shi ake samo su.

Yanzu mu kawo da'ira ta biyu. Mu zaɓi ɗigo a wannan, ɗigo a waccan, mu manne su wuri guda, kada su taɓa juna a ko'ina sai nan. Wannan aikin shi ne haɗin ɗigo, ana rubuta shi da alama mai kama da V. Abin da ya fito kun san shi: lamba 8.

Zagayen hagu mu kira shi a, na dama b. A mahaɗar, zaɓi huɗu gare ka: a gaba, a baya, b gaba, b baya. Tambayar ita ce, idan ka bi a sannan b, daidai yake da bin b sannan a? Ina! Ɗauki zare ka gwada. Babu fili tsakanin da'irorin nan da za ka ja zaren ta ciki ka sauya masa tsari. Abu ɗaya ne kawai ke sokewa: ka bi a, nan take ka juyo ka bi ta baya.

Mu ƙirga. Taki na farko, hanya 4. Daga nan kowane taki hanya 3 ne, don ta huɗun komawa baya ce. Taki biyu, 12. Taki uku, 36. Taki huɗu, 108. Kowace tafiya cikin waɗannan tana buƙatar ɗigonta na kanta a babban lulluɓi, ba mai raba wuri da wata. Ku kalli yadda hoton ke girma: gicciye a tsakiya, kowane baki ya fitar da rassa uku, kowane reshe ya sake fitar da uku. Muna ƙanƙanta rassan ne kawai don su shiga allo, amma a zahiri tsawonsu ɗaya. Ku bi shi da ido duk inda kuka so, ba za ku taɓa samun rassa biyu da suka sake haɗuwa ba. Bishiya ce. Tarin tafiye-tafiyen nan shi ake kira 'yantaccen rukuni mai tushe biyu, a da b, don ba wata doka a cikinsa sai sokewar komawa baya. Bishiyar kuma ita ce zanen Cayley nasa, irin zanen da Arthur Cayley na Ingila ya fito da shi a 1878.

Don ku ga inda bishiyar ta samo asali, mu ɗan leƙa toros, wato fatar tiyub ɗin taya. Shi ma yana da zagaye biyu, a da b. Amma akwai fata shimfiɗe a tsakaninsu, saboda haka a sannan b daidai yake da b sannan a. Babban lulluɓinsa shimfiɗaɗɗen fili ne mai gida-gida: ka yi gabas ka yi arewa, ko ka yi arewa ka yi gabas, wuri guda za ka tsaya. Cire fatar nan, gidajen su ɓalle, fili ya koma bishiya.

Ta fuskar aljabra, rukunin zagaye, wato tarin zagayen da ke tashi daga jan ɗigo su dawo kansa, wanda Henri Poincaré ya gabatar a 1895, shi ke riƙe wannan lissafi. Ka'idar Herbert Seifert ta 1931 da Egbert van Kampen ta 1933 kuwa ta nuna cewa idan mahaɗar ba ta da wata tangarɗa, rukunin haɗin ɗigo jerin haruffa ne daga ɓangarorin biyu, ana karɓa-karɓa, babu wata doka da ta ɗaure na hagu da na dama.

Daga nan girkin ya fito fili. Kana da sarari biyu, X da Y, da aka haɗa a ɗigo. Ɗauko babban lulluɓin X, ka nemo duk takwarorin jan ɗigo a cikinsa, kowanne ka manna masa sabon kwafin babban lulluɓin Y. Kowane kwafi ya zo da nasa sabbin takwarorin, su kuma ka manna musu na X. Haka za ka yi ta yi. Sharaɗin ɗaya ne: kullum sabon kwafi, kada ka taɓa komawa kan wanda ka riga ka ajiye, don da ka koma ka rufe zagaye, aiki ya ɓaci.

Mu gwada da da'ira da fatar ƙwallo. Ƙwallo ba ta da zagayen da ba ya tsukewa, ita ce lulluɓin kanta, takwaran ɗigo ɗaya tak gare ta. Saboda haka aikin ya ƙare da wuri: layi ne, a kan kowace cikakkiyar lamba an ɗora ƙwallo guda. Da ganinsa ka ce ba komai, amma a nan wani abin mamaki yake. Akwai rukuni na biyu, mai ƙirga hanyoyin naɗa fatar ƙwallo a cikin sarari, kuma shi wannan ba ya canzawa tsakanin sarari da lulluɓinsa. A sama ƙwallaye ba su ƙirguwa, kowacce tushe ce mai zaman kanta. Ke nan ɗan sararin nan, da'ira ɗaya da ƙwallo ɗaya, rukuninsa na biyu yana buƙatar tushe marasa iyaka. A ƙasa ƙwallon ɗaya ce, amma ka zagaya da'irar sau 5 kafin ka naɗe ta, wannan wani naɗi ne daban da na wanda ya zagaya sau 2.

Misalin da na fi so shi ne na RP2, sararin da ake samu idan aka ɗauki fatar ƙwallo aka ce kowane ɗigo da kishiyarsa na can ɗaya gefen abu ɗaya ne. Lulluɓinsa ƙwallo ce, jan ɗigo yana da takwarori biyu, ɗaya a ƙololuwa ɗaya a gindi. Rukuninsa 'ya'ya biyu ne kacal: ka bi zagayensa a sau biyu, kamar ba ka tashi ba. To haɗa RP2 biyu, zagayen na biyun ka kira shi b. Kowace ƙwallo ta kama wata a sama, ta kama wata a ƙasa, sai ga su a jere kamar carbin da aka kwance, ba farko ba ƙarshe. Rukunai biyu ƙanana, amma a b a b a b ba ya taɓa dawowa gida. Kowane a b yana tura dukkan jerin gaba da ƙwallo biyu.

A yi hattara da wani sarari da ake kira ɗan kunnen Hawai: da'irori a kan takarda masu taɓa juna a ɗigo ɗaya, suna ta ƙanƙancewa, rabi, sulusi, rubu'i, har abada. Ya yi kama da haɗin ɗigo amma ba shi ba ne. Duk yadda ka matso kusa da mahaɗar akwai cikakkiyar da'ira a wurin, don haka ba shi da babban lulluɓi sam.

Bishiyar nan kuma ba ado ba ce. Duk wani lulluɓin lamba 8 zane ne na ɗigogi da layuka, kuma rukunin irin wannan zane kullum 'yantacce ne. Kowane ƙaramin rukuni kuwa rukunin wani lulluɓi ne. Da irin wannan hujja an tabbatar da cewa duk ƙaramin rukuni a cikin 'yantaccen rukuni shi ma 'yantacce ne, abin da Jakob Nielsen ya fara nunawa a 1921, Otto Schreier ya kammala a 1927.

Yanzu ku ɗauko takarda ku zana na da'ira da RP2. Ku fara da layi, ku ɗora ƙwallo a kan kowace lamba. Sai dai wannan karon kowace ƙwallo tana da ɗigo na biyu a ƙololuwarta, kuma sabon layi ne zai ratsa ta nan, da nasa ƙwallayen. Ku kai shi hawa uku ku ga ko takardar za ta ishe ku.