Yadda ake gina saba da fulogin: mu ɗauki Fastify

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rubuta manhaja a Jidda da Makka. A ce kamfanin jigilar masu Umara ya ba ku aikin saba, wato manhajar da ke amsa buƙatun masu amfani ta intanet, wadda za ta karɓi rajista, ta raba kujerun bas, ta fitar da rasit. Mu duba yadda Fastify, manhajar gina saba wadda ke gudana a kan Node.js (mai gudanar da yaren JavaScript a saba), take tsara irin wannan aiki.

Cibiyar sabar ƙarama ce. Tana sauraren buƙatun HTTP, ta gano hanyar da kowace buƙata za ta bi, ta loda fulogin, wato ƙananan sassan manhaja da ake jona mata don su ƙara mata aiki. Rumbun bayanai, tantance mai shiga, lissafin harajin VAT na kashi 15 da ake biya a nan Saudiyya, duk fulogin ne da ake jonawa da umarnin register.

To ga inda mutane ke tuntuɓe. Duk lokacin da kuka kira register, Fastify na buɗe wa fulogin ɗin keɓaɓɓen fili. Abin da ya ƙara wa sabar da umarnin decorate, shi da waɗanda ke ƙarƙashinsa kaɗai ke gani. Idan kun haɗa da rumbun bayanai a cikin fulogin guda, fulogin rasit da ke gefensa ba zai same shi ba, sai ku ga undefined, wato babu komai a wurin, kuna ta neman laifin rumbun. Maganin shi ne a naɗe fulogin rumbun da fastify-plugin, wanda ke cire wannan keɓewar, don abin da ya ƙara ya hau sama kowa ya gani. Amma kada ku naɗe komai haka. Keɓewar ce ke sa binciken kalmar sirri ya tsaya a shafin ma'aikata, bai toshe shafin da alhazai ke duba lokacin tashin bas ba.

Lodawa kuma bi da bi take, yadda kuka jera su. Rumbu a fara, rasit daga baya. Fulogin da ya manta kiran done, wato sanar da cewa ya gama lodawa, ko ya maƙale yana jiran rumbun da bai amsa ba, bayan daƙiƙa 10 sabar za ta ƙi tashi. Gara hakan da ta tashi rabi da rabi.

Buƙata idan ta shigo, tana ratsa matakai: onRequest (da isowarta), preValidation (kafin tantance bayananta), preHandler (dab da aikin), sannan aikin kansa, sai onSend (dab da tura amsa). Binciken izini a onRequest ya dace, tun kafin a ɓata lokaci ana karanta jikin saƙon.

Ku tuna duk fulogin ɗin nan zare ɗaya suke rabawa, wato layin aiki guda da ke yin abu ɗaya a lokaci guda. Idan ɗaya ya tsaya haɗa PDF na rasit 500 a daren 27 ga Ramadan, kowa zai jira. Irin wannan aiki a tura shi worker_threads, wato wasu zaruruwa na gefe, ko layin jira na daban. Sannan kowane fulogin da ya buɗe haɗi da rumbu ya rufe shi a onClose, matakin da ke gudana lokacin rufe sabar.