Yadda kiɗan jaz ke wucewa daga hannu zuwa hannu

Masu kallo, ku dubi wannan hoton da kyau. A Kaduna aka ɗauke shi, a shekarar 1960. Ga Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ga baƙonsa Louis Armstrong, mai busa ƙaho daga Amurka. Me ya kawo makaɗin jaz fadar Firimiyan Arewa?

Sai mun koma baya tukuna. A daren shiga shekarar 1913 aka kama Armstrong a birnin New Orleans, yana ɗan shekara 11, saboda ya harba bindiga sama. Aka kai shi gidan horon yara baƙar fata. A can wani malami, Peter Davis, ya miƙa masa ƙaho ya koya masa busa. Ba don malamin nan ba, da wataƙila duniya ba ta san sunan yaron ba.

Jaz kiɗa ne da baƙar fatar Amurka suka haifa, kuma ginshiƙinsa ƙirƙira ce nan take: makaɗi ya ɗauki karin da kowa ya sani, ya juya shi yadda bai taɓa yi ba, 'yan uwansa su amsa masa. Shi ya sa faifai kaɗai ba ya iya adana shi. Faifai yana riƙe abin da aka busa jiya ne. Yadda za a busa na gobe kuwa, sai yaro ya zauna kusa da gwani, kamar yadda ɗan amshi ke shafe shekaru a bayan ubangidansa kafin ya buɗe baki ya yi tasa waƙar.

A 1956, lokacin yaƙin cacar baka, gwamnatin Amurka ta fara tura makaɗan jaz ƙasashen waje. Dizzy Gillespie ne ya fara, ya bi ta Iran, Pakistan da Turkiyya. Manufar ta siyasa ce, a wanke sunan Amurka daga zargin wariyar launin fata, alhali makaɗan suna shan wannan wariyar a gida. Armstrong bai yi shiru ba. A 1957 ya ƙi zuwa Tarayyar Sobiyet saboda yadda aka hana yara baƙar fata 9 shiga makarantar fararen fata a birnin Little Rock na Amurka. A ganina wannan ƙin ya fi kowace tafiya daraja. Sai bayan shekara 3 ya yi rangadin Afirka da ya biyo da shi Kaduna.

Yau musayar ta fi ƙarfi a cikin aji. Ku ɗauki Lionel Loueke, ɗan Jamhuriyar Benin. Yana saurayi, in tsirkiyar jitarsa ta tsinke, wayar birkin keke yake ɗaurawa, don ba shi da kuɗin sabuwa. Ya yi karatu a Abijan, ya wuce Faris, daga nan sai Kwalejin Berklee da ke Boston. A 2001 ya yi gwaji a gaban manyan makaɗan jaz Herbie Hancock da Wayne Shorter, aka ɗauke shi a Cibiyar Thelonious Monk ta koyar da jaz a Amurka, wadda aka kafa a 1986, inda ɗalibai 'yan ƙalilan ke koyo kyauta a hannun manya. Bai watsar da kiɗan gida ba, da shi ya shiga, kuma daga baya Hancock ya sa shi cikin ƙungiyarsa. Tun 2019 cibiyar tana amsa sunan Hancock ne.

Ita ce kuma ke haɗa hannu da UNESCO wajen shirya Ranar Jaz ta Duniya, duk 30 ga Afrilu, tun 2012. Ba shagali kaɗai ake yi ba, har da darussa a makarantu. A 2024 birnin Tanja na Maroko ya karɓi babban taron, karo na farko a Afirka. A Tanja ne mai kaɗa fiyano Randy Weston ya zauna shekaru yana koyo a wurin makaɗan Gnawa, jikokin bayin da aka ƙetara Sahara da su daga Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa.