Lacca kan asibitin Nuruddin da ke Dimashƙ

Assalamu alaikum. Jama'a, abubuwa uku za mu duba game da wannan tsohon asibiti da ke kusa da Masallacin Umayyawa, wato gininsa, da tsarin aikinsa, da kuma halin da yake ciki a yau.

Sarki Nuruddin Zangi ne ya gina shi a shekarar 1154. Mai ziyara yakan shiga ta wata doguwar ƙofa da aka yi wa ado irin na saƙar zuma, ya ratsa zaure, sai ya ɓulla tsakar gida mai kwarmin ruwa a tsakiya, da rumfuna huɗu da ke fuskantar ruwan.

Amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne littafi. Matafiyin nan Ibn Jubair, wanda ya sauka Dimashƙ a 1184, ya ba da labarin cewa ma'aikatan asibitin suna da littattafai da suke rubuta sunayen majinyata, da abin da ake kashewa a kan maganinsu da abincinsu, sannan likitoci suna zuwa da sassafe su duba kowa, su faɗi abin da za a ba shi. Ku ma'aikatan jinya da ke zaune a nan kun fi ni sanin darajar wannan, domin majinyacin da aka rubuta sunansa da maganinsa ba ya salwanta idan wani ya karɓi aiki daga hannun wani. Littafi, jama'a, tun a wancan ƙarni! Kuma da likita ya gama zagaye sai ya zauna a babbar rumfa ya karantar da ɗalibai. A nan Ibn Nafis ya yi karatu, wanda daga baya ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu.

A yau ginin gidan tarihi ne na likitanci da kimiyya, ana nuna kayan tiyata da tasoshin magani. Na ga hannu a baya, bismilla.

(Wani ya tambayi wanda ke biyan kuɗin jinyar.)

Wakafi ne, malam. An keɓe wa asibitin dukiya da ke ɗaukar nauyinsa, talaka ba ya biya. Masana tarihi sun ruwaito cewa Ƙalawun, wanda daga baya ya zama sarkin Masar, ya yi rashin lafiya a Dimashƙ tun yana amir, aka kawo masa magani daga wannan asibiti, sai ya yi alkawarin gina irinsa, kuma da ya hau mulki ya soma gina nasa a Alƙahira a 1284, shi ma bisa wakafi.